Ranar da matar ɗana ta faɗi a bakin rijiya

Maganar da zan yi yau magana ce da muke jin kunyarta. Ko sunanta ba mu son kira. Sai mu ce wance tana fashin salla, ko tana wanki, ko baƙonta ya zo. Ni ma da kunya nake wannan rubutu. Amma kunyar nan ta kusa sa ni asarar ƴar mutane, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Tasawa, cikin jihar Maradi. Shekaruna sun ɗara 50. Ina da ƴaƴa 5 lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara. Duk wata, ranar farko da ta biyu, sai in ji kamar ana matsar wanki a cikin cikina. Baya ya riƙe, cinyoyi su yi nauyi, zuciya ta riƙa tashi. Tsohuwarmu takan jiƙa mini jar kanwa in sha. Sai in shiga ɗaki in dunƙule bisa tabarma, in jira ya wuce. Haka na ga yayyena suna yi, haka ni ma na yi har bayan aurena.

Akuya ce ta fara koya mini wani abu daban. Wata rana, kaka ta kusa, ba a riga an yanke hatsi ba, ina kwance da ciwon sai akuyata ta tsinke. Ba kowa a gida. Kun san abin da ke biyo baya in dabba ta shiga gonar wani: tara da ɓacin rai. Dole na tashi, ina tafiya a duƙe, hannu bisa mara. Na bi ta bayan gari, na zaga ta wajen tabki, kusan rabin awa kafin in kama ta. Ina dawowa da igiya a hannu, jikina ya yi gumi, sai na lura na miƙe tsaye. Ciwon bai tafi duka ba, amma rabinsa ya sauka. Wata mai zuwa na gwada da gangan. Na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida, na taka zuwa gidan ƙanwata a ƙarshen gari, na dawo. Haka dai ya sake yi.

Sai bayan shekaru na ji dalili. Mun kai yara awo a likita, ungozomar likita ta tara mu a inuwa tana yi mana bayani. Ta dunƙule hannunta ta ce girman mahaifa ke nan, kuma nama ce mai ƙarfi. Kowane wata tana shimfiɗa a cikinta don tarbar ciki. In ciki bai shiga ba, sai ta riƙa matsewa tana saki don ta fitar da shimfiɗar. Wannan shi ne jinin haila. Akwai wani sinadari da jiki ke fitarwa mai sa ta matsewa, kuma ya fi yawa a kwana 2 na farko. In matsewar ta yi ƙarfi, sai ta danne ƙananan jijiyoyin jini na mahaifar, sai ciwo ya taso, kamar yadda ƙwabri ke ɗaurewa da dare. Tafiya da motsi suna sa jini ya zaga, jiki kuma ya saki nasa maganin rage ciwo. Ɗumi ma yana sa naman ya saki.

Ta ƙara da cewa likitoci sun gwada abin ga ƴan mata. Waɗanda ke motsa jiki minti 45 zuwa awa 1, sau 3 a mako, sun fi samun sauƙin ciwon mara. Muka fashe da dariya. Wata ta ce: "Sau 3 a mako? Mu da kafin rana ta fito mun gama surfe?" Ita ma ungozomar ta yi dariya. Ta ci gaba da magana, amma ni ban ji sauran ba, don yaron da ke bayana ya fara kuka na fita da shi. Abu ɗaya na tafi da shi gida: motsi magani ne, kwanciya ragwanci ce. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. To, ni a wuyan wata na rataya nawa.

Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya yi aure. Aka kawo yarinya mai hankali, mai hannun tuwo, ba ta da yawan magana. Ta haihu, ta yaye. Bayan yaye ne na fara ganin abin da ban so ba. Duk wata sai ta kwanta kwana 3. In ta tashi kuma, mako guda tana jan ƙafa. Ta ɗaga taɓarya sau 20, ta tsaya tana haki. Wata rana na iske ta bayan rumbu tana taunar farar ƙasa, na yi ma ta faɗa, na ce wannan halin yara ne.

A raina na yanke hukunci: son jiki ne. Ni da na yi shekara da shekaru da ciwon mara, wa zai faɗa mini? Sai in tsaya bakin ƙofarta in ce: "Ƴar nan, tashi. Kwanciya ke ƙara shi. Ni ma na yi, kuma likita ma haka ta ce." Ita kuwa sai ta ce: "To, Inna." Ba ta taɓa ƙara ko kalma guda bisa haka ba. Wace yarinya ce za ta buɗe baki ta gaya ma uwar mijinta yawan jinin da ke zuba daga jikinta?

Ranar da abin ya faru, cikin bazara ne, watan Afrilu, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Gobe suna a gidan ƙanen maigida, ana bukatar ruwa da yawa. Rijiyarmu gaba 30 ce. Wanda bai taɓa jan guga daga irin wannan zurfi ba, ba zai gane ba. Ta je sau 2 da safe, ta dawo da bido mai lita 25 bisa kai. Lita 25 kilo 25 ke nan, nauyin buhun shinkafa ƙarami. Ta sauke na biyu, ta zauna jikin randa, ta sunkuyar da kai. Na ce saura ɗaya. Ta dube ni, ta ɗauki gammo, ta fita.

Ba a jima ba sai ga wata yarinya da gudu. "Inna, Inna, amaryarku ta faɗi!"

Na fita ko takalmi babu. Matan da ke wurin suka ce tana cikin jan igiya ta ce idonta ya yi duhu, sai ta sulale. Allah ya sa baya ta yi. Guga da igiya suka koma cikin rijiya. Da gaba ta yi, da wani labari nake ba ku yau. Har yanzu in na wuce wurin nakan dubi tazarar da ke tsakanin inda ta kwanta da bakin rijiyar. Ba ta kai taki 2 ba.

Aka yayyafa ma ta ruwa ta farfaɗo. Mijinta ya ɗaura amalanke, muka kai ta likita, tafiyar kilomita 7. Ungozoma ce ta karɓe mu, wata yarinya sa'ar ƴata, ba waccan ta dā ba. Ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, ta ce in matso in gani. Fari fat, kamar na kifi. Ta buɗe tafin hannunta ta ajiye kusa da nawa. Nawa ja-ja, nata kamar an shafa toka. Aka soki yatsa aka auna jini. Ta ce awon ya nuna 8, alhali mace marar ciki ya kamata ta kai 12.

Sannan ta ce ɗana ya fita. Ni ma na tashi, sai ta ce: "A'a, Inna, ke zauna. Ke ya kamata ki ji."

Ta fara tambaya a hankali. Kwana nawa jinin ke yi? Yarinyar ta dubi ƙasa ta ce 9, wani lokaci 10. Sau nawa take canza ƙunzugu? Ta ce a kwanakin farko ba ya kai awa 2, da dare ma sai ta tashi. Akwai gudaji? Akwai, manya. Tun yaushe? Tun bayan yaye. Tana jin sha'awar cin ƙasa? Ta ɗaga kai alamar e. Ungozoma ta ce wannan ma alamar ƙarancin jini ce.

Ina zaune ina ji, kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata 7 yarinyar nan tana cikin gidana tana zubar da jini haka, ni kuwa ina ƙirga ma ta tulunan ruwa.

Ungozoma ta juyo gare ni. Ba ta ɗaga murya ba. Na gaya ma ta abin da na ji a wurin awo shekarun baya. Ta ce: "Inna, abin da kika ji gaskiya ne, amma rabi kika ji. Tafiya da ɗan motsi suna rage ciwon mara ga mace mai isasshen jini. Jan guga da tsakar rana ga wadda jininta ya ƙare, wannan wani abu ne daban. Ciwonki da nata ba ɗaya ba ne."

Ga sauran rabin da ban tsaya na ji ba a wancan lokaci. Na sa ta maimaita, na rubuta shi a littafina tun a wurin, don kada in sake tafiya gida da guntu.

Haila ta lafiya tana zuwa bayan kwana 21 zuwa 35, in an ƙirga daga ranar farkon wannan zuwa ranar farkon mai zuwa. Takan yi kwana 2 zuwa 7. Duk jinin da ke fita, in an tara, yawanci bai wuce cikin ɗan kofin shayi guda ba. Ciwon mara na kwana 1 ko 2 a farko, da ciwon baya, da nauyin nono, da saurin fushi, duk suna cikin abin da aka saba. Mai irin wannan tana iya tafiyarta, tana iya aikinta gwargwadon ƙarfinta, tana iya wanka. Ba abin da motsi zai ɓata ma ta.

Amma in jini ya wuce kwana 7, ko ƙunzugu yana jiƙewa duk awa 1 ko 2, ko gudaji sun fi ƙwandalar dala 20 girma, to sai likita. Haka in akwai jiri, ko haki daga ɗan aiki kaɗan, ko bugun zuciya. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi ko ruwa mai wari, ko yana ƙaruwa wata bayan wata har magani ba ya taɓa shi. Wadda wata ya wuce ta, sannan jini da ciwo mai tsanani suka zo, kada ta kwana a gida, don yana iya zama ciki ne ya samu matsala. Tsohuwar da ta daina haila shekara guda, sai ta sake ganin jini, ita ma ta je a duba ta.

Ta gaya mana kuma ba yarinyarmu kaɗai ba ce. Binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mata 46 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Kusan rabi ke nan. Haihuwa kusa-kusa, da zazzaɓin sauro, da tsutsar ciki, da rashin nama a tukunya, duk suna cin jini. Haila mai yawa kuma ta zo ta ƙarasa.

Aka ba ta jajayen ƙwayoyin ƙarin jini na wata 3, da maganin tsutsa. Aka ce in ta ga bayan gidanta ya yi baƙi kada ta tsorata, aikin ƙwayar ne. Aka rubuta mana takarda zuwa babbar likita ta Tasawa. Can aka yi ma ta eko, wato na'urar da ke nuna cikin ciki. Ba a ga wani ƙari a mahaifa ba, aka ba ta maganin da ke rage zubar. Kuɗin mota da na magani ya ci tunkiyata guda. Ban yi baƙin ciki ba.

Uwar miji ba ta iya durƙusawa gaban matar ɗanta ta ce yafe mini. Bakina bai iya ba. Ranar kasuwa na sayo hanta ta dala 100, na gasa da hannuna, na kai ma ta har ɗaki. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce: "An gode, Inna." Ina jin ta gane.

Yanzu ga yadda muke yi a gidanmu. Ba doka ba ce, abin da ya yi mana amfani ne.

Aiki ba ya ƙarewa a gidan ƙauye, amma ba duka nauyinsa ɗaya ba. Surfe, da jan guga, da ɗaukar bido, da faskare, su ne masu cin ƙarfi. Tankaɗe, da tsintar wake, da ɓarar gujiya, da shara, da kai ma dabbobi dusa, waɗannan motsi ne marar wahala. A kwana 2 na farko, wadda baƙonta ya zo tana ɗaukar masu sauƙi, sauran mu mu raba masu nauyi. In lokacin wata ya zo, sai a rama ma ta. Mu mata 4 ne a gidan, har da matar ƙanen maigida da ƴata ta ƙarshe. Ni na riga na daina haila, saboda haka kullum ni ake bi bashi. Na yarda, ai ina da abin biya.

Ba mu ce kowa ta kwanta yini guda ba. Ƴata ta ƙarshe irin nawa ciwon ta gado, jininta kuma lafiya lau. Ita in ta dunƙule a ɗaki ciwon ƙaruwa yake. Nakan ce ta taka da sanyin safiya ko bayan la'asar, minti 20 ko 30, ba da kaya bisa kai ba. In baya ya riƙe, sai ta durƙusa bisa tabarma, ta zauna kan dugaduganta, ta kwantar da ƙirji bisa gwiwoyi, ta miƙa hannuwa gaba, ta yi numfashi a hankali. Sannan a zuba ruwan ɗumi cikin butali, a naɗe da zane, a ɗora bisa mara. A kula kada ruwan ya yi zafin da zai ƙona fata. Awon da muke bi shi ne wanda ungozoma ta ba mu: in kina aiki kina iya magana ba tare da haki ba, ci gaba. In ido ya fara duhu ko kunne ya fara ƙara, zauna nan take, ko a ina kike, ki sha ruwa.

Maganin ciwo kuma, farasitamol yana taimako. Ibuforofen ya fi shi kama ciwon mara, amma sai bayan an ci abinci, kuma ba na mai gyambon ciki ko mai juna biyu ba ne. Asfirin yana iya ƙara zubar jini. Mun daina sayen ƙwayoyi barkatai daga tiren masu talla, waɗanda rana ta gama dafawa. Jar kanwa kuwa, ban ce tsofaffinmu ba su san komai ba, amma gishiri ce mai ƙarfi, yawanta yana tara ruwa a jiki, kuma ba ta mayar da jinin da ya zuba.

Wajen abinci, hanta da nama da kifi sun fi komai ƙara jini, sai dai ba kullum ake samu ba. Wake, da zogale, da yakuwa, da gujiya suna nan kusa. In an matsa lemun tsami ko an yanka tumatir cikin kwaɗon, jiki ya fi ɗaukar amfaninsu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shayi. Ashe in an sha shi nan take bayan abinci, yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini. Ɗana kuwa kullum da dare sai ya aiko ma matarsa kofi na biyu, wai don ta ji ƙarfi. Yanzu sai an yi awa guda da cin tuwo.

Maganar ƙunzugu ma sai na faɗa, ko da ba daɗin ji. Muna wanke shi a ɓoye, mu cusa ƙarƙashin gado da danshinsa, don kada wani ya gani. Danshi ke kawo ƙaiƙayi da wari. A wanke da sabuni, a shanya a rana. In kunya ce, a rufa ma shi wani siririn zane bisa igiya, rana za ta ratsa.

Ku kuma maza, ɗana bai san komai ba sai ranar da ya ɗauki matarsa a sume. Ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa gaya ma shi. Yanzu in ya ga ni ce bisa turmi da asuba, ba ya tambaya. Sai ya ɗora bido 6 bisa amalanke ya nufi rijiya. Abokansa sun yi ta yi ma shi ba'a da farko, suna cewa an shanye shi. Biyu daga cikinsu yanzu sukan ba shi nasu bido ya haɗo.

Abin da har yanzu ban warware ba shi ne damina. Lokacin noma ba wanda ke da hannun ba wani aro. Ga gandu, ga gamana, ciyawa kuma ba ta san haila ba. Bara dai mun sa ta tafi da sassafe ta dawo kafin rana ta take, ni na ƙarasa ma ta kuyya 2 ko 3. Bayana ya gaya mini shekaruna.

Ita ma ta shiga ajin karatu. Kafin ta iya haɗa baƙaƙe, na koya ma ta abu ɗaya a shafin ƙarshe na littafinta. Kowace ranar jini ta ja sanda guda. In ranar mai yawa ce ta zagaye sandar. Da muka koma likita bayan wata 3, ba ta sunkuyar da kai ba, littafin kawai ta miƙa. Ungozoma ta ƙirga: 8, sannan 6, sannan 6. Awon jini ya hau zuwa 11. Aka ce ta ci gaba da ƙwayar, mu dawo bayan girbi.

Har yau ba ta iya gaya mini da baki cewa lokacinta ya zo. Littafin nan take ajiyewa bisa randa a buɗe, ni kuma in na gani sai in ɗauki taɓarya. Shekaranjiya na gan shi a wurin. Na yi surfe, ita ta yi tankaɗe. Da la'asar ta yi sanyi, ta leƙo ɗakina da ƙwarya a hannu ta ce marar ta ɗan riƙe, za ta taka zuwa garka ta tsinko zogale. Na ce ta jira ni in ɗauki mayafi.